Hunturu Da Zayyana: Yadda Aikin Alƙalami Ke Tafiya Daki-daki A Maiduguri

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, da hazo birnin Maiduguri yake wayar gari. Iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi ta baza ta a kan gari, har rana ta fito fara sol, mutum ya dube ta bai runtse ido ba. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka zuwa kusan digiri 12, sannan ya haura 30 idan rana ta take. A unguwar Abbaganaram da sauran unguwannin cikin gari irin su Shehuri, Limanti, Hausari da Gwange, almajirai kan kewaye wuta da allunansu, suna karatu suna jin ɗumi.

Idan hantsi ya dubi ludayi, yatsu suka saki, sai wani aikin ya fara a zaure. Marubucin Alƙur'ani ya shimfiɗa buzunsa, ya jawo kurtun tawada, ya feƙe alƙalami, ya ɗauko takardar da ya tsaya a kanta jiya. Wanda ya leƙa shi ranar Asabar, ya sake dawowa ranar Laraba, yana iya zaton aikin bai motsa ba, domin shafin da ya bari shi ne zai tarar a gaban malamin. Sai ya matso kusa zai ga cewa inda babu komai sai baƙin rubutu yanzu jan wasali ya hau kansa, kuma da'irar da ke gefen shafin ta cika da ƙananan gidaje masu launi, kowane bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Wannan shi ne aikin rubutu da zayyana, sana'ar da aka san ƙasar Barno da ita shekaru ɗaruruwa. Aiki ne da ake yi hawa-hawa, kowane hawa sai na ƙarƙashinsa ya bushe, an duba shi, an tabbatar babu kuskure, sannan a ɗora na gaba. Sanin waɗannan matakai shi ke bayyana dalilin da ya sa kwafi guda kan ci watanni, da kuma dalilin da ya sa asararsa ba ta da sauƙin mayarwa.

Gadon Da Ya Girmi Birnin

Birnin Maiduguri na yanzu yaro ne idan aka kwatanta shi da wannan sana'a. A shekarar 1907 aka kafa Yerwa, a zamanin Shehu Abubakar Garbai. Kafin nan gadon sarautar Barno ya zauna a Kukawa, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, kafin ita kuma a Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15. Duk inda fada ta koma, malamai da marubuta sukan bi ta da allunansu da alƙalumansu.

Shaidar daɗewar aikin tana nan a rubuce. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan Birtaniya, A.D.H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1669. A tsakanin layukan waɗannan kwafi akwai bayanai da tsohon harshen Kanembu, abin da ya sa masana harshe irin su Dmitry Bondarev suka shafe shekaru suna nazarinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da saɓanin da ke tsakanin Sakkwato da Barno a zamaninsa, ya yaba wa mutanen Barno a littafinsa Infaƙul Maisuri saboda himmarsu wajen karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi. Baturen nan Dixon Denham, wanda ya iso Kukawa a 1823, ya ruwaito cewa ana kai kwafin da marubutan Barno suka rubuta har Arewacin Afirka da Masar, ana sayarwa da tsada.

Salon rubutun yana da sunansa, wato Barnawi. Haruffansa masu kauri ne, masu kusurwa, zaunannu daram a kan layi. Da ruwayar Warshu ake rubuta shi, kuma yana bin tsarin ɗigo na Magrib: harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, harafin ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A Kano an samu wani salo ɗan'uwansa da ake kira Kanawi, wanda marigayi Sharif Bala Gabari ya shahara da shi.

Aikin bai tsaya a tarihi ba. A shekarar 2017 Maimadu Barma Mutai da Andrea Brigaglia sun wallafa wani nazari da ya bi diddigin yadda wani marubucin Barno na wannan zamani, Ka'ana Umar, ya rubuta Alƙur'ani cikakke da hannu bisa buƙatar wata cibiyar nazarin Musulunci ta Jami'ar Cape Town da ke Afirka ta Kudu. Nazarin ya nuna cewa a ƙarni na 21 ma akwai hannun da ke iya fitar da abin da kakanni suka fitar.

Kayan Aikin Da Kaka Da Rani Ke Bayarwa

Dangantakar wannan sana'a da hunturu tana farawa tun daga kayan aiki. Alƙalamin gargajiya daga karan gamba ko sillen dawa ake yin sa, kuma ba a samun kara busasshe mai ƙwari sai damina ta ɗauke, an yi girbi. Marubuci yakan tanadi alƙaluma da dama, kowane da faɗin bakinsa: mai kauri don baƙi, siriri don wasali, wanda ya fi shi siranta don layukan zayyana.

Ƙaro, wanda shi ke riƙe tawada a jikin takarda ko allo, daga itacen dakwara yake fitowa. Jihohin Borno, Yobe da Jigawa suna cikin manyan wuraren da ake samun sa a Najeriya. Da rani ake tsaga bawon itacen, ƙaron ya tsatso, iska ta busar da shi ya zama dunƙule. Wato iskar da ke tsattsage leɓɓan mutane ita ce ke ƙera abin da zai riƙe rubutunsu.

Tawada iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Ta allo da gawayi ko baƙin tukunya ake haɗa ta, a sa ƙaro. An yi ta ne don a wanke, domin almajiri yana gama hadda zai wanke allonsa ya sake rubutu. Ta takarda kuwa, wadda ake so ta zauna, akan dafa 'ya'yan bagaruwa tare da ƙarfe. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, idan ya haɗu da ƙarfe sai ya ba da launi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu da ke kama takarda ya shige cikinta. Amma akwai ƙa'ida: idan haɗin ya yi ƙarfi fiye da kima, bayan shekaru tawadar takan ci takardar, a ga haruffa sun zama huda.

Launuka a da daga ƙasa da tsirrai ake samun su, kamar jar ƙasa da ƙasa mai ruwan ɗorawa. Yau da yawa sun koma ga garin rini na kanti, saboda sauƙi da kuma hasken launinsa. Ita ma takarda ta canja. A ƙarni na 19 takardar da ta fi yawa a hannun malaman Barno da ƙasar Hausa ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wanda ake gani idan an ɗaga ta a haske. A arewa maso gabashin Italiya ake yin ta, ta ratso Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Yanzu takardar masana'anta ake saya a kasuwa a yanka daidai girman da ake so.

Hawa Na Farko: Baƙi

Da baƙi ake farawa, wato gangar jikin haruffa ba tare da wasali ba. A al'adar tsangaya, mutum ba ya amsa sunan alaramma sai ya haddace Alƙur'ani kuma ya rubuta shi da ka. Sama da shi akwai gwani, wanda Barebari ke kira goni. Don haka marubuci yakan rubuta ne daga abin da ke ƙirjinsa, hannu yana bin harshe.

Girman aikin yana fitowa fili idan aka yi lissafi. Alƙur'ani yana da surori 114, an kasa shi izu 60, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Idan aka ɗauka, a matsayin misali, marubuci yana rubuta sumuni biyu kullum ba fashi, zai buƙaci kwana 240, kimanin wata takwas, kafin ya gama baƙin kaɗai. Wanda hannunsa ya fi sauri zai rage, wanda ke haɗa aikin da koyarwa ko noma zai ƙara.

Ba a ɗinke takardun. Warwatse ake barin su, ɗaya a kan ɗaya, kuma a ƙasan shafi akan rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa domin kada jeri ya rikice. Wannan tsari yana da amfani ga aikin kansa. Kowace takarda tana iya bushewa ita kaɗai, ana iya miƙa waɗanda aka gama ga mai wasali yayin da marubuci ke ci gaba, kuma idan aka yi kuskuren da ba ya gyaruwa, takarda ɗaya za a cire a sake, ba littafin duka ba.

Kafin a wuce wannan mataki sai an duba. Wani mahaddaci yakan bi rubutun kalma bayan kalma. Harafin da ya faɗi akan mayar da shi, kalmar da aka tsallake akan rubuta ta a gefe da alamar inda za ta shiga. Babu mai zayyanar da zai so ya ƙawata shafin da daga baya za a ce a jefar.

Hawa Na Biyu: Ja, Rawaya Da Kore

Bayan baƙi sai launi, kuma a nan launi ba ado ba ne kawai, jagora ne ga mai karatu. Da ja ake sa wasula. Hamzar da ake furtawa akan yi mata ɗigo rawaya, wadda ake sadarwa a wuce kuma ɗigo kore. Sunayen surori da ja ake rubuta su. Ma'ana kowane shafi zai sake bi ta hannu sau uku ko fiye, kowane launi da alƙalaminsa da kurtunsa, kuma ba a sa wani sai wani ya bushe, don kada su cakuɗe.

Sannan a zo kan alamomin ayoyi. A ƙirgen mutanen Madina da ruwayar Warshu ke bi, ayoyin Alƙur'ani 6,214 ne. Ƙarshen mafi yawansu akan yi 'yan da'irori uku a haɗe, biyu a ƙasa ɗaya a sama, a zagaye da ja a cike da rawaya. Kowace aya ta biyar tana da alamarta da ake kira kumsa, ta goma kuma kuri. Duk da hannu ake zana su, ɗaya bayan ɗaya.

A gefen shafi kuma akwai wasu alamomin da suka fi waɗannan girma: na sumuni, na rubu'i, na nusufi, na izu, da na wuraren sujada, waɗanda 11 ne a mazhabar Malikiyya. Alamar izu galibi da'ira ce mai gidaje a ciki, kuma gwanintar mai zayyana ita ce ya yi 60 ba tare da ya maimaita fasali ɗaya sak ba. Daga nan ne ake fara gane hannun wane ne, kamar yadda ake gane maɗinkin hula daga ɗinkinsa.

Hawa Na Uku: Babbar Zayyana

Ƙololuwar aikin ita ce babbar zayyana, wadda kan cinye rabin shafi ko shafi sukutum. A wurare huɗu aka saba sa ta, daidai da kashi huɗu na Alƙur'ani: a farko wajen Fatiha da Baƙara, sai farkon Suratul A'araf, sai Suratu Maryam, sai Suratu Sad. Irin wannan zane ne kuma ake yi a allon zayyana, wanda ɗalibi ke riƙewa ranar saukarsa.

Babu hoton mutum ko dabba a cikinta. Layuka ne, da murabba'ai, da kusurwoyi, da da'irori, da sarƙa mai shiga da fita kamar saƙar tabarma. Mai zayyana yakan fara da firam na waje, ya ja shi da rula. Sai ya kasa cikinsa gida-gida daidai wa daida, da siririn layin da da ƙyar ake gani. A kan wannan shimfiɗa zai fitar da fasalin, yana ƙirga gidaje: nan uku a hau, nan biyu a sauka. Bayan fasali ya fito sai cikawa, launi ɗaya a zagaye shafin duka, a jira, sannan na biyu. A ƙarshe a bi gefuna da baƙi don kowane launi ya tsaya a iyakarsa.

Haɗarin wannan mataki shi ne kuskurensa ba ya bayyana nan take. Idan aka yi kuskuren gida ɗaya a kusurwar dama ta sama, ba za a gani ba sai sarƙar ta zagayo kusurwar hagu ta ƙasa ta ƙi haɗuwa. A lokacin an riga an zuba aikin kwanaki. Shi ya sa gogaggen mai zayyana ke ɓata lokaci mai yawa a kan layukan da babu wanda zai gani bayan an gama, kuma shi ya sa baƙon da ya leƙo a kwanakin farko yake ganin kamar ba a yi komai ba.

Idan an kammala, aikin yakan koma hannun baduku. Shi zai yi tadarishi, wato bangon fata da ke rungume takardun, da gafaka mai maɗauri da ake ratayawa. Kwafi guda, ke nan, yana iya bi ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ya isa ga mai shi.

Alherin Hunturu Da Wahalarsa

Ga mai aikin tawada, hunturu yana zuwa da alheri. A damina iska tana ɗauke da laima, takarda ta sha, ta yi laushi, tawada ta yi naso, siririn layi ya baje. Shafi kan daɗe bai bushe ba, ajiyayyun takardu kuma su yi fumfuna. Da hunturu kuwa laimar iska takan ragu ƙwarai, layi ya tsaya inda aka ja shi, launi ya bushe cikin ɗan lokaci, a samu damar ɗora na gaba. Haka kuma ayyukan gona sun ƙare, don haka malamin da ke noma ya samu sarari.

Sai dai kowane alheri da nasa nauyin. Bushewar da ke taimakon shafi ita ce ke busar da tawada a bakin alƙalami tun kafin harafi ya ƙare, ta kuma sa ta yi kauri a cikin kurtu, sai an riƙa ɗiga ruwa ana motsawa. Idan ruwan ya yi yawa launi ya dushe, shafin yau ya bambanta da na jiya. Idan ƙaro ya yi yawa, tawadar takan tsattsage ta ɓanɓaro bayan ta bushe. Ita kanta takarda takan yi ƙarfi, gefunanta su nannaɗe, ta karye idan aka lanƙwasa ta da garaje.

Ga kuma ƙura. Ƙurar hunturu lallausa ce, tana shiga ko an rufe ƙofa da taga. Idan ta sauka a kan ɗanyen launi sai ta manne, rawaya ta koma ruwan ƙasa. Dole a riƙa rufe kurtu, a lulluɓe takardun da aka gama da ƙyalle. Hannu ma yana da nasa. Sanyin safiya yakan sa yatsu su ƙage, fata ta yi kaushi, amma man da za a shafa don a samu sauƙi shi ne babban abokin gaban takarda, domin tabon mai ba ya fita kuma tawada ba ta kama inda ya taɓa. Haske ma yakan yi ƙaranci: a watan Disamba yinin Maiduguri bai wuce kimanin sa'o'i 11 da rabi ba, hazo kuma ya rage abin da ya saura. Sa'o'in da ido zai iya aikin ƙananan gidaje ba su da yawa, daga hantsi ne zuwa la'asar.

Yadda Wasu Suka Zana Nasu Sanyin

Ba a Barno kaɗai aka san irin wannan aikin haƙuri a kan shafin littafi ba. A ƙasar Faransa, a farkon ƙarni na 15, wasu 'yan'uwa uku da ake kira 'yan gidan Limbourg sun fara ƙawata wani littafin addu'o'i don wani basarake, Jean na Berry. A cikinsa akwai shafi ga kowane wata na shekara. Shafin Fabrairu yana cikin tsofaffin zanen dusar ƙanƙara da aka sani a Turai: gona ta yi fari fat, manoma suna jin ɗumi a bakin wuta, tumaki a garke, amya a jere, wani mutum yana saran itace. A shekarar 1416 'yan'uwan uku da basaraken duk suka mutu, aikin bai ƙare ba. A wajen 1485 wani mai zane, Jean Colombe, ya ci gaba da shi. Yau littafin yana ajiye a gidan tarihi na Chantilly.

Bambancin a fili yake. Masu zanen Turai sun sa sanyinsu a cikin hoto, ana ganinsa da ido. Mai zayyanar Barno ba ya zana hunturu, amma hunturu yana cikin aikinsa: a ƙaron da ya riƙe tawada, a karan da ya zama alƙalami, a kaifin layin da busasshiyar iska ta tsayar. Abin da ya haɗa su shi ne aikin ya fi ƙarfin gaggawa, wani lokaci ma ya fi tsawon ran mai yin sa. Darasin da ke ciki kuma shi ne littafin Faransa ya kai shekara 600 ne saboda an samu masu adana shi.

Abin Da Ke Barazana Ga Sana'ar

Barazana ta farko ita ce kasuwa. Tun tsakiyar ƙarni na 20 aka fara ɗaukar hoton rubutun hannu ana buga shi da yawa, abin da ya yaɗa salon amma ya rage buƙatar sabon kwafi. Daga baya cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta wadata duniya da kwafi masu kyau, yanzu kuma ga shi a cikin wayar hannu. Wannan alheri ne ga mai karatu. Amma ga marubuci, yana nufin mai saye zai auna aikin watanni da farashin abin da inji ya buga cikin mintoci. Matashin da ya ga malaminsa ya shafe rabin shekara a kan aiki ɗaya, ladan bai kai ya riƙe gida ba, da wuya ya zauna ya koya.

Ta biyu ita ce rashin zaman lafiya. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya tarwatsa garuruwa da tsangayu da dama a Jihar Borno. Malamai sun yi hijira, wasu sun baro littattafan da suka gada. Sana'ar da ake koyo ta zama kusa da malami shekara da shekaru ba ta jure yawan ƙaura.

Ta uku ita ce ruwa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ya shiga fadar Shehun Borno, da Kasuwar Monday, da asibitin koyarwa na jami'a, da unguwanni masu yawa, har da Abbaganaram. Rayuka da dukiyoyi su ne babbar asara. Amma ga takarda, ruwa hukunci ne na nan take. Duk launin da ƙaro ya riƙe ruwa yana narkar da shi, takardun su manne da juna, fumfuna ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Kwafin da aka buga ana sayen wani. Wanda kaka ya rubuta da hannunsa babu na biyunsa.

Abin Da Za A Iya Yi

Wasu matakan ba sa buƙatar kuɗi. Masana adana takardu suna ba da shawarar a ɗaga littattafai daga ƙasa zuwa wuri mai tsayi, nesa da bango mai laima. Kada a daɗe da ƙulle su a leda, domin tana tara gumi. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, domin gam ɗinsa yana ɓata takarda. A naɗe su da ƙyalle mai tsabta, a riƙa dubawa saboda gara da sauran ƙwari. Ɗaukar hoton kowane shafi, ko da da wayar hannu ne, yana tabbatar da cewa idan takarda ta salwanta fasalin bai salwanta ba.

Sauran matakan na hukumomi ne. Jami'ar Maiduguri tana da Cibiyar Nazarin Al'amuran Sahara, akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai gidan tarihi na Jos, dukansu suna da alaƙa da adana rubuce-rubucen hannu. Jihar Borno tana da hukumar kula da ilimin Larabci da tsangayu, a matakin tarayya kuma an kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Yayin da ake maganar koya wa almajirai sana'o'i, yana da kyau a tuna cewa tsangaya tana da sana'arta ta gado. Rubutu, zayyana, haɗa tawada da dukancin gafaka duk abubuwa ne da za a iya koyarwa a tsare, a yi musu baje koli da gasa, a nemo musu masu saye a ciki da wajen ƙasa.

Mai saye shi ma yana da nasa rabon. Wanda ya ba da aikin rubutu a farkon hunturu, ya san ba zai karɓa kafin damina ba, wataƙila ma sai wani hunturun ya zagayo. Idan ya leƙa zaure ya tarar da shafin da ya bari, kada ya ce an yi masa jinkiri. Ya matso kusa ya ƙirga gidajen da aka cike, ya tuna ayoyi 6,214 da kowace ke jiran alamarta, sannan ya biya ladan da ya dace da lokacin da aikin ya ci. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Abin da zai hana wannan sana'a isa ga 'yan baya shi ne a rasa wanda zai zauna ya koye ta, da wanda zai biya ta yadda mai koyon zai iya zama.